Makafi a Yawon Buɗe Ido

Gabatarwa

Duk wanda ya ƙago wa Bahaushe kalmar "yawon buɗe ido" ya yi hikima, sai dai ga alama bai tuna da mu ba a ranar da ya ƙago ta. Da ita ake kiran irin tafiyar nan da mutum kan yi ba don fatauci ko zumunci ko neman magani ba, sai don ya je ya kashe ƙwarƙwatar idonsa da abin da babu shi a garinsu, kamar dutse, ko kogi, ko tsohuwar ganuwa, ko namun daji. Kalmar da kanta ta riga ta yanke hukunci cewa ido shi ne mai gayya, sauran gaɓoɓi kuwa 'yan rakiya ne. Karin magana ma ya ɗaure mata gindi, tun da an ce gani ya kori ji. To, wanda ji ne jarinsa fa, a ina za a ajiye shi ran da jama'a suka ɗaura niyyar tafiya?

Mu uku ne masu larurar gani a sashenmu, kuma ba ma jin nauyi in an ce mana makafi. Babbanmu ƙyanda ce ta tafi da idonsa yana ɗan shekara huɗu, saboda haka abin da ya rage masa na gani bai fi mafarki ba. Na biyu hawan jinin ido ne ya rufe masa duniya bayan ya gama sakandare, yana nan da ajiyar launuka cike da kansa. Autarmu kuwa tana gani dishi-dishi. Takan bambanta haske da duhu, in abu babba ne kuma ya matso takan ga inuwarsa. Mun kawo wannan bayani ne domin mutane da dama sun ɗauka makanta iri guda ce, alhali kuwa kowane ɗayanmu da irin abin da yake buƙata daga wanda ke riƙe da shi.

A watan Janairu na shekarar 2024 'yan ajinmu suka shirya ziyara zuwa mafakar tsuntsaye ta Dagona, a arewacin Jihar Yobe. Da muka kai sunayenmu da kuɗin mota, sai ajin ya yi tsit na ɗan lokaci. Can wani abokinmu, wanda mun tabbata tausayi ne ya sa shi magana, ya ce, "Don Allah 'yan'uwa kada ku ji haushi. Wurin nan fa kallon tsuntsaye ake zuwa yi. Me za ku je ku gani?" Babbanmu ya yi dariya ya ce, "Ai in ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, to ya taka dutse." Dutsen da muka taka kuwa shi ne wani karin maganar, wanda ke cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. In dai haka ne, ashe muna da rabo a Dagona.

Wuraren shaƙatawa ba baƙi ba ne a gare mu. Tun muna yara akan kai mu gidan zu da wuraren lilo ranar yawon Salla, kuma mun san daɗinsu da wuyarsu. Lilo dai da jiki ake jin sa, don haka mai ido bai fi mu komai ba. In ya hau sama ya sauko, yadda cikinsa ke juyawa haka namu ke juyawa. Zakin da ke barci a cikin keji kuwa, mu a wurinmu wari ne kawai da surutun 'yan kallo. Babbar wahalar irin waɗannan wurare ita ce lasifika. Abin da duhu yake ga mai ido, shi hayaniya take ga makaho, domin da zarar kiɗa ya cika wuri ba ma jin takun na gabanmu, ba ma jin amsa-kuwwar bango, ba ma gane muryar wanda ya kawo mu. Wannan ne ya sa da muka ji labarin wurin shaƙatawar da ake roƙon kowa ya yi shiru, muka ce lalle sai mun je.

Dagona

Ga wanda bai san wurin ba, Dagona ƙauye ne a Ƙaramar Hukumar Bade, tsakanin Nguru da Gashuwa, a cikin babbar fadamar nan ta Haɗeja da Nguru. Kogin Haɗeja da kogin Jama'are ne ke shigowa wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, su rarrabu hannu-hannu a tsakanin tsofaffin tuddan yashi, sa'an nan su haɗu su zama kogin Yobe, wanda ya bi ta Gashuwa da Gaidam ya nufi Tafkin Cadi. Tafkin Dagona wani tsohon lanƙwason kogi ne da ruwa ya bari bayan ya sake hanya. Ambaliyar damina ce ke cika shi, ya riƙe ruwan har cikin rani, lokacin da sauran kududdufai suka ƙafe.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa tsuntsu na yin ƙaura, tun da yana ganin shamuwa ta iso gab da faɗuwar damina, ta kuma tafi bayan ɗaukewar ruwa. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, akwai waɗansu tsuntsayen da ke yin akasin haka. Idan sanyi ya tsananta a Turai da arewacin Asiya, ruwa ya daskare, abinci ya ɓuya, sai su ƙetaro teku da hamadar Sahara su sauka a fadamun nan, su zauna har wajen watan Maris, sa'an nan su koma gida su yi sheƙa. Watau dai 'yan cin rani ne. Saboda su aka kafa shirin kare fadamun Haɗeja da Nguru a 1987, kuma saboda su Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya taka har Dagona a 1989, lokacin yana shugaban asusun kare namun daji na duniya. A 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Yobe, aka kafa Gandun Daji na Ƙasa na Yankin Tafkin Cadi, wanda Dagona ke cikin ɓangarensa na Bade da Nguru. A 2008 kuma aka sanya tafkin, mai faɗin hekta 344, cikin jerin dausayin da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Shiri da Hanya

Mai ido yakan shirya tafiya da jaka, makaho kuwa da tambaya yake shirya tasa. Kafin ranar tashi mun zauna da malamin da zai jagorance mu, muka jero masa tambayoyi. Daga inda mota za ta tsaya zuwa bakin ruwa taku nawa ne? Ƙasar wurin yashi ce ko laka? Akwai ƙaya? Gaɓar ruwan gangare ce a hankali ko kuwa rami ne kai tsaye? Malam ya rubuta su duka, ya buga waya ya samo amsoshin da ya iya samowa. Daga nan muka gane cewa farar sandar da muke yawo da ita a harabar jami'a ba za ta wadatar ba, domin bakinta siriri ne, yashi da laka hadiye shi suke yi. Kowannenmu ya nemi sandar gora mai kauri, irin ta makiyaya, da takalmi rufaffe. Muka kuma roƙi a ba kowa ɗan jagora guda wanda ba za a riƙa canzawa ba, domin jagora da wanda yake ja sai sun saba da takun juna.

A Nguru muka kwana. 'Yan'uwanmu sun yi ta magana a kan tsohuwar tashar jirgin ƙasa, inda layin dogon da ya taso daga Kano ya tuƙe tun 1930. Mu kuwa abin da ya shaida mana mun iso shi ne ƙanshin bandar kifi, da sanyin da ke tasowa daga tafki, da yadda harsuna suka cakuɗe a bakin kasuwa: ga Hausa, ga Barbarci, ga Fillanci, ga Badanci, wani lokaci duka a cikin ciniki guda. Tun kafin kiran assalatu muka kama hanyar Gashuwa. Bayan tafiya mai ɗan tsawo direba ya sauka daga kwalta, ƙarar taya ta koma laushi, motar ta shiga rangaji a cikin yashi, rassan itatuwa suna shafar jikinta. Da aka kashe inji, abin da ya fara tarbar mu shi ne shiru mai faɗi, irin wanda ba mu taɓa samu a birni ba.

Asuba a Bakin Tafki

Wani jami'in gandun ne ya karɓe mu, tare da wani dattijo ɗan ƙauyen wanda ya ce a bakin ruwan nan aka haife shi. Jami'in ya gargaɗe mu da cewa ba a farauta a nan, ba a jifa, ba a ɗaga murya. Muka bi sawu ɗaya a cikin itatuwan gabaruwa, kowannenmu riƙe da gwiwar hannun jagoransa, har ƙasa ta fara taushi a ƙarƙashin takalmanmu, warin laka ya daki hancinmu. Nan aka ce mu zauna.

Da farko kukan ya zo mana a dunƙule, kamar kasuwar da ake jiyowa daga bayan gari. Amma kunnen da ya saba aiki ba ya daɗewa bai fara tsefe sauti ba. A bayanmu, cikin itatuwa, kurciyoyi ne ke ta maimaita zancensu guda. A gefen dama, kusa ƙwarai, wani tsuntsu ya ɓarke da ƙara mai kaifi kamar ana buga ƙarfe a kan ƙarfe, bai kuwa yi shiru ba sai da ya tabbata duk tafkin ya san mun iso. Dattijon ya ce a hankali, "Zakaran ƙeƙuwa ke nan, 'ya'yana. Shi ne ɗan sandan wurin." Can tsakiyar ruwa kuwa sai fito ke tashi, siriri mai gaɓa uku, ɗaya ya yi, goma su amsa, ɗari su karɓa. Waɗannan su ne kirinjijiya, agwagin ruwan da ba su iya tashi ko sauka ba tare da sun sanar ba. Jefi-jefi zalɓe kan yi wata gurnani mai kaushi, kamar tsohon da aka tasa daga barci. Sa'an nan muka ji wani abu mai nauyi ya bugi ruwa sau uku ko huɗu, ya tashi da ƙyar, fikafikansa suna yankar iska a hankali har ya wuce ta kanmu. Autarmu ta ce, "Baba, wannan kuma wane ne mai jiki haka?" Ya ce, "Dinya ce, 'yata. Duk agwagin ruwan nan babu wadda ta kai ta girma."

Da asuba, kafin iskar hunturu ta taso, sauti kan yi tafiya mai nisa a kan ruwa mai sanyi. Da wannan muka auna tafkin. Kukan da ke kusa yana da kaifi da baki, na tsakiya yana da taushi, na can ƙetare kuwa yakan iso kamar an lulluɓe shi da mayafi, yana tafe da kukan shanun Fulani da ke nesa. Babbanmu ya miƙa sandarsa ya zana mana siffar ruwan a iska, ya ce ya fi tsawo ta nan, ya lanƙwasa ta can. Jami'in ya yi shiru kaɗan, sa'an nan ya ce haka yake.

Ana cikin haka sai ga wani abu da ba mu taɓa jin irinsa ba. Wata iska ce ta taso daga hagu, ba tare da ta taɓa fatarmu ba, kamar an girgiza sabuwar shadda mai tsawon zango guda. Ta zo ta kanmu, ta juya gaba ɗaya a lokaci guda, ta yi ƙasa, ta ɗauke. Babu kuka ko ɗaya a cikinta. 'Yan ajinmu suka yi ta salati ƙasa-ƙasa. Autarmu ta ce ita dai ta ga hasken gabas ya dushe kamar hayaƙi ya gifta. Jami'in ya ce ai baƙin ke nan, waɗansu tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ba su fi kurciya girma sosai ba, waɗanda ke hayayyafa a arewacin Turai da Saberiya; sukan tashi garke guda su tafi kalar shinkafa a gonakin fadama, kuma da wuya a ji sun yi kuka. Babbanmu ya ce, "Ashe suna da ladabi. Ɗan cin rani ba ya ɗaga murya a garin mutane." Ga shi dai mun zo da dogaro ga kukan gidan kowa, sai manyan baƙin suka ƙi kuka, amma fikafikansu suka ba mu labarin yawansu fiye da yadda lissafi zai ba mu.

Da gari ya fara wayewa sai wani al'amari ya bayyana. Hazo ya sauka a kan ruwan, ya mai da kowa mai gani dishi-dishi. Madubin hangen nesa guda biyu ne tak a hannun mutum wajen talatin, kuma wanda ya karɓa sai ya yi ta lalube a cikin fari bai san inda zai dosa ba. Ba mu san wanda ya fara ba, amma kafin a jima aiki ya rabu uku. Mu ne ke cewa, "Ga wani can dama da itacen da kurciya ke kuka, bai fi taku hamsin ba, a ƙasa yake." Mai madubi ya juya can, ya ce, "Na gan shi! Fari ne, kansa da wuyansa baƙi, bakinsa dogo ne ya lanƙwasa ƙasa kamar lauje." Sai dattijon ya ce, "Jinjimi ke nan." Kunne ya nuna wuri, ido ya kawo siffa, tsoho ya ba da suna. Duk wanda aka cire a cikin ukun nan, tsuntsun bai cika ba.

A nan ne kuma bambancin da ke tsakaninmu ya fito. Na biyunmu, mai ajiyar launuka, shi launi yake nema: "Farin nan irin na balbela ne, ko ya yi duhu kamar toka?" In an gaya masa sai ya yi ajiyar zuciya, mu kuwa mun san abin da wannan ajiyar zuciya ke ɗauke da shi, ba mu ce masa komai ba. Babbanmu launi bai dame shi ba, shi tambayarsa ita ce, "Kamar tattabara yake ko kamar zabo? In na ɗauke shi zai cika hannu biyu?" Autarmu kuwa so take a juya ta yadda rana za ta kasance a bayanta, domin in haske ya dake ta a fuska ɗan abin da take gani ma ɓacewa yake yi.

Rabon Hannu

Da hantsi ya dubi ludayi tsuntsaye suka rage magana, sai hannu ya karɓi aiki. Dattijon ya tsinto mana gashin fikafikan da suka zuba a gaɓa, ya sa mana a tafin hannu ɗaya bayan ɗaya: na dinya mai tsawo da tauri, na kirinjijiya gajere mai santsi wanda ruwa ba ya kama shi. Ya kama yatsun babbanmu ya bi da su cikin sawun da ke kan laka, ga mai yatsu uku dogaye warwatse, ga mai fata a tsakanin yatsu kamar ƙaramin faifai. Muka taɓa busasshiyar lakar da ta tsattsage kamar fasasshen tulu, wadda ke nuna inda ruwa ya kai da kaka kafin ya ja da baya. Muka shafa ganyen bado mai faɗi da sanyi, muka murza 'ya'yan gabaruwar da majema ke jima da su, muka ƙwanƙwasa goruba. A nan ne ƙafar na biyunmu ta nutse a laka har ƙwauri, ya fito da ƙafa ya bar takalmi, aka yi ta dariya har zakaran ƙeƙuwa ya sake kai ƙararmu.

A hanyar komawa mota, a wani hannun ruwa da ke wajen mafakar, aka tsaya aka miƙo mana wata ciyawa mai tsawo fiye da mutum, mai kai kamar zangarniyar gero amma da laushi. Wannan ita ce kacala. In iska ta bi ta cikinta tana da daɗin ji, amma mutanen fadama ba sa jin daɗinta. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da kan malale fadamun da damina ta ragu, ruwa kuma ya koma kwarara kaɗan-kaɗan har da rani. Irin wannan zama shi kacala ke so. Ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar jan-baki masu cinye hatsi.

Shirun Gauraka

Akwai kuka guda da muka zo da begen ji, ba mu kuwa ji shi ba. Tun muna yara muke jin sunan gauraka a tatsuniya da waƙa da kirari, tsuntsu mai tukku kamar kambin sarauta, wanda ake ɗauka a matsayin tsuntsun ƙasa na Nijeriya. Da muka tambayi dattijon sai ya daɗe bai amsa ba. Daga baya ya ce, "Da muna yara, su ke tashe mu. In suka yi kuka a fadama har cikin ɗaki kana ji. Yanzu kam jikokina ba su san muryarsu ba." Ya gyara murya ya kwaikwaya mana kukan, mai zurfi kamar busar ƙaho, sau biyu, sa'an nan ya yi shiru. Gauraka dai ta yi ƙaranci ƙwarai a Nijeriya, saboda fari, da raguwar dausayi, da masu kama ta suna sayarwa don a yi ado da ita a gidajen masu hali.

Wannan rashi ya taɓa mu ta wata fuska dabam. Mai ido in an ce gauraka ta tafi, yana da hotonta a littafi, zai buɗe ya nuna wa ɗansa. Mu kuwa hoto takarda ce mai santsi. Abin da muka samu na gauraka a duk tafiyar nan shi ne abin da ya rage a maƙogwaron wani tsoho. Kuma ba muryar tsuntsu kaɗai ke shirin tafiya da irin waɗannan tsofaffi ba. A cikin mu ɗaliban Hausa wajen talatin, waɗanda suka taɓa jin kalmar kirinjijiya ko jinjimi ba su kai biyar ba. Sauran duk "tsuntsu" suke cewa, in ya cika girma su ce "babban tsuntsu". Muna ganin akwai aiki a nan ga sashenmu: a je da na'urar ɗaukar magana, a ɗauki kukan kowane tsuntsu, a haɗa shi da sunansa na Hausa da Badanci da Barbarci daga bakin masu shi, da karin magana ko tatsuniyar da ta rataya a kansa. Irin wannan taska za ta amfani makaho da mai ido baki ɗaya.

Jagora

Tun da muka dawo, abokai da yawa sun tambaye mu yadda ake raka mai larurar gani irin wannan wuri. Amsar ba ta da tsawo. Ka ba shi gwiwar hannunka ya riƙe, ka wuce shi da rabin taku, kada ka ja sandarsa, kada ka tura shi daga baya. Ka faɗi abin da ke gaba kafin a kai gare shi: gangare, ko reshe, ko ƙaya, ko ruwa. "Ga shi can" ba magana ba ce a wurinmu. Ka ce dama ko hagu, gabas ko yamma, taku kaza. In za ka kwatanta abu, ka kwatanta shi da abin da hannu ya sani. In wani yana da tambaya game da mu, ya tambaye mu, kada ya tambayi jagora kamar ba ma wurin. Abu na ƙarshe, wanda ya fi sauran wuya, shi ne ka san lokacin yin shiru. Jagoran autarmu ta ce ba ta taɓa sanin Hausarta gajera ce ba sai da aka ce ta siffanta tashin zalɓe ga wadda ba ta gani. Ta ce wannan ya fi mata kowace jarrabawar insha'i wuya.

Masu kula da wuraren shaƙatawa ma suna da nasu rabon, kuma akwai inda aka riga aka gwada. A lambun tsirrai na Kirstenbosch da ke Afirka ta Kudu akwai hanya ta musamman da aka ja wa igiya, makaho ya bi shi kaɗai yana karanta bayanin itatuwa da rubutun makafi. A wuraren wasa na Disney a Amurka akan ba baƙo littafin jagora da rubutun makafi, da wata 'yar na'ura mai gaya masa abin da ke gabansa. Akwai kuma ɗan ƙasar Uruguwai, Juan Pablo Culasso, wanda aka haifa makaho, ya kuma shahara wajen gane ɗaruruwan tsuntsaye da ɗaukar kukansu. A nan gida, dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara yadda kowa zai iya shiga. Abin da wuri irin na tsuntsaye ke buƙata bai kai tsadar gini ba: igiya a gefen hanya, da benci a inda sauti ya fi fita, da siffofin tsuntsaye da masassaƙan ƙauye za su sassaƙa daidai girmansu don a shafa, da ma'aikaci guda da ya koyi bayani da baki.

Kammalawa

A sashenmu ana karantar da Imfiraji ta Aliyu Namangi, makahon Zariya wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa, kuma ba mu taɓa jin wani ɗalibi ya ce siffantawarsa ta gaza don bai gani ba. Duk da haka, in aka zo maganar fita shan iska, har yanzu akan ɗauka alheri ne a bar makaho a gida don kada ya wahala. Muna roƙon iyaye da malamai da abokai su bar mana wannan hukunci a hannunmu. Wahalar da muka sha a Dagona ba ta wuce ta takalmi guda ba, shi ma an ciro shi.

Baƙin Turai sukan koma gida kafin zafin bazara, su dawo bayan ɗaukewar ruwa, saboda haka wanda ke da niyya ya nufi wurin tsakanin Disamba da Fabrairu, ya kuma isa kafin fitowar rana. Mu kam mun riga mun sa wata tafiyar a gaba. An ce a Bulatura, cikin Ƙaramar Hukumar Yusufari, akwai tuddan yashi da dausayi a tsakaninsu, kuma yashi da tafin ƙafa ake saninsa. Mun fara tara kuɗin mota, muna kuma neman 'yan jagora uku masu haƙuri da wadatar Hausa.